Faɗan 'yan shekara huɗu: Zariya da makarantun yara na Japan

A unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Galadima, cikin ganuwar birnin Zazzau, yaro ɗan shekara uku yanzu makaranta biyu gare shi: nazare da safe, allo ko Islamiyya da yamma. Ta safen kuwa da abu guda iyaye ke auna ta: ya fara kama Turanci? Shi ya sa ake jibga wa wanda bai iya riƙe fensir ba aikin gida da jarrabawa, har a raba musu na ɗaya da na ƙarshe.

Japan ta buɗe makarantar ƙananan yara ta gwamnati a Tokyo tun 1876, kuma daga Oktoban 2019 ta mayar da karatun 'yan shekara 3 zuwa 5 kyauta. Amma manhajarta a kan wasa da zaman tare ta dogara. Yara ke raba abinci bi da bi, su share wurinsu, su shayar da shuka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda malamansu ke yi da faɗan yara. Joseph Tobin da abokan aikinsa sun ɗauki hoton bidiyo a makarantar Komatsudani da ke Kyoto, suka fitar da littafi a 1989. A ciki wani yaro ya yi ta fitina, har ya taka hannun wani ɗan ajinsu; da wata yarinya ta ruga ta kai ƙarar wata ɓarnar da ya yi, malamarsu ta mayar da ita ta je ta magance abin da kanta. Malaman Amurka da suka kalla sun ga sakaci. Malamar kuwa idonta na kan yaran, tana lura da inda abin zai kai. A ganin malaman Japan, wanda ake raba masa kowace rigima ba zai koyi ba da haƙuri ba, ba kuma zai ji zafin kukan wani ba.

Mu ma mun san wannan. A dandali, wurin langa da gaɗa, babu babba mai alƙalanci. Yaya ke goyon ƙani, yara su kewaye kwano ɗaya, wanda ya yi zalama a tsawata masa. A makarantar allo manyan ɗalibai ke biya wa ƙanana. Sai dai mun haɗa da bulala, kuma yaron da ya yi shiru don tsoro bai koyi haƙuri ba, ɓoyewa ya koya. Japan ma tana fama da tsangwamar yaron da ya fita daban.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin farko a Nijeriya. Saura a ba malamar nazare horo da fili da lokacin wasa, iyaye kuma su daina tuhumarta in yaro ya dawo da ƙasa a riga, littafinsa ba rubutu.