Matsayin Saurare Wajen Koyon Harshen Jariri

Galibin iyaye, har da wasu manazarta, sukan auna koyon harshen yaro ne da furucinsa, wato daga gwaranci zuwa kalmar farko, wadda takan zo wajejen shekara ɗaya. Amma aikin kunne ya riga na baki farawa.

A shekarar 1984, Janet Werker da Richard Tees sun bayyana sakamakon gwajin da suka yi wa jarirai a Kanada, waɗanda Ingilishi ake yi a gidajensu. An jiyar da su tagwayen baƙaƙe na harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin ƙasar. Galibin 'yan wata 6 zuwa 8 sun bambance sautukan, amma akasarin 'yan wata 10 zuwa 12 sun kasa. Ke nan ƙwaƙwalwa takan riƙe bambancin da harshen gida yake rarrabe ma'ana da shi, ta saki saura. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa baligi mai koyon Hausa yake shan wahala tsakanin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari.

Saboda haka, jaririn da ba ya waiwayar sauti yana bukatar gwajin ji a asibiti tun a watannin farko, ba sai an ga ya shekara 2 bai yi baki ba.