Daraja da Inganci: Yadda Motocin Ƙasashen Duniya Suka Bambanta

A tashoshin mota da garejojin makanikai akwai wata gardama da ba ta ƙarewa, wato wace ƙasa ce ta fi iya ƙera mota. Wani ya ce babu kamar Jamus, wani ya ce Japan, wani kuma ya tsaya kai da fata a kan Faransa. Abin da ke hana gardamar ƙarewa shi ne masu yin ta sukan cakuɗa abubuwa biyu mabambanta, wato daraja da inganci. Daraja ita ce kwarjinin da mota take jawo wa mai ita a idon jama'a. Inganci kuwa shi ne yadda motar take yin aikin da aka ƙera ta dominsa, shekara da shekaru, ba tare da yawan lalacewa ba. Ita daraja a zukatan mutane take zaune, shi kuwa inganci ana iya auna shi da alƙaluma.

Tushen Daraja

Ilimin halittu yana da misalin da zai taimaka a nan. Namijin dawisu yana ɗauke da doguwar jela wadda ba ta taimaka masa wajen neman abinci ko tsere wa maƙiyi, kuma kowace shekara sai ta zube ya sake tsirar da wata. A 1871 Charles Darwin ya bayyana cewa zaɓin da matan dawisu ke yi shi ya haifar da irin wannan ado. A 1975 kuma wani masani, Amotz Zahavi, ya ƙara da cewa tsadar adon ita ce saƙon, domin sai lafiyayyen tsuntsu ne zai iya ɗaukar nauyinsa. Haka motar alfarma take. Tsadar sayenta da ta gyaranta su ne ke shaida wa jama'a ƙarfin aljihun mai ita. Da za a karya farashinta, da rabin darajarta ya tafi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Tarihi shi ma yana da nasa rabon. A Jamus ne Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai aiki da fetur a 1886, kuma a 1926 kamfaninsa ya haɗe da na Daimler, aka sami Mercedes-Benz, wadda Hausawa ke kira Marsandi. A Ingila an kafa kamfanin Rolls-Royce a 1906, ya yi suna wajen ƙera wa sarakuna da attajirai motoci. Italiya ta samu nata sunan ne a filin tsere, ta hanyar Ferrari. Amurka kuwa wata hanya ta bi daban. Henry Ford ya fito da Model T a 1908, a 1913 kuma ya shigo da tsarin da mota ke tafiya a kan layi ma'aikata suna harhaɗa ta, har aka ƙera fiye da miliyan 15 kafin a daina a 1927. Burinsa shi ne yawa da sauƙin kuɗi.

Yadda Ake Auna Inganci

A Amurka akwai kamfanin J.D. Power wanda ke tambayar dubban masu motoci matsalolin da suka fuskanta, sa'annan ya lissafa yawan matsaloli a cikin kowace mota 100. Yana yin wannan bayan kwana 90 da sayen mota, da kuma bayan shekara 3. A Jamus doka ta tilasta a duba lafiyar sabuwar mota bayan shekara 3, daga nan kuma duk bayan shekara 2, ana kuma wallafa sakamakon. A irin waɗannan bincike Toyota da Lexus sun sha zuwa sahun gaba, alhali wasu motocin alfarma na Turai sukan faɗo ƙasa.

Ɗaya daga cikin dalilan haka lissafi ne mai sauƙi. Mota guda tana da sassa kimanin 30,000 idan aka ƙirga har da ƙananan notuna. A ƙaddara akwai wata na'ura mai sassa 100, kowane sashe kuma sau ɗaya tak cikin 1,000 yake lalacewa a shekara. Yiwuwar na'urar ta kai ƙarshen shekara lafiya ƙalau kashi 90 ne cikin 100. Idan sassan suka kai 500, masu irin wannan nagarta, yiwuwar za ta sauko zuwa kimanin kashi 61. Ke nan duk wata na'urar jin daɗi da aka ƙara wa mota, kamar kujera mai motsi da lantarki ko shokazoba mai aiki da iska, ƙarin ƙofa ce ta lalacewa. Motar alfarma ta fi kowace yawan irin waɗannan ƙofofi.

Darasin Japan

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ana yi wa kayan Japan kallon na banza. A 1950 wani masanin ƙididdiga Ba'amurke, W. Edwards Deming, ya koyar da injiniyoyin ƙasar yadda ake amfani da alƙaluma a gano tushen kuskure tun a masana'anta. A kamfanin Toyota, wanda aka kafa a 1937, injiniya Taiichi Ohno ya gina tsarin da ya ba kowane ma'aikaci ikon jan wata igiya idan ya ga aibi, a tsayar da layi in har ba a magance shi nan take ba. Manufar ita ce a kashe matsala tun tana ƙarama, kada ta bi dubban motoci zuwa kasuwa. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, sai Amurkawa suka koma ga ƙananan motocin Japan saboda rashin shan mai, suka kuma tarar ba su cika zuwa gareji ba. Corolla, wadda ta fito a 1966, an sayar da fiye da miliyan 50 nata ya zuwa 2021.

Duk da haka inganci bai ba Toyota daraja kai tsaye ba. Sai da ta ƙirƙiri sabon suna, Lexus, a 1989 kafin attajirai suka waiwaye ta. Koriya ta Kudu ma wannan sawu ta bi. Hyundai ta shiga kasuwar Amurka a 1986 da mota mai araha wadda ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa. Ta gyara aikinta, ta ba da garantin shekara 10 a kan inji, sa'annan a 2015 ta ware Genesis a matsayin sunan alfarma. Ƙasar Sin, wadda ta zarce Japan wajen fitar da motoci waje a 2023, ita ce ke kan wannan tafarki yanzu, musamman da motocin lantarki.

Babu kuma ƙasar da ta tsira daga tuntuɓe. A 2009 da 2010 Toyota ta janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur. A 2015 aka gano Volkswagen ta sa wa motocin dizal kimanin miliyan 11 wata dabara da ke yaudarar masu gwajin hayaƙi. Bugu da ƙari, sunan mota ba ya nuna ƙasar masu ita: BMW ta Jamus ce ke da Rolls-Royce, Tata ta Indiya ta sayi Jaguar da Land Rover a 2008, Geely ta Sin kuma ta sayi Volvo a 2010.

Muhalli Shi Ne Alƙali

Raƙumi ya fi doki a cikin sahara, doki kuma ya fi shi a filin sukuwa. Haka inganci yake, ba ya rabuwa da muhalli. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ba ta kai Marsandi kwarjini a Turai ba, amma ta mamaye hanyoyin Afirka, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Tana da tsawo daga ƙasa, ƙafafunta suna jure gargada, injinta kuma ba shi da sarƙaƙiya, kowane makanike zai iya kwance shi ya ɗaura. Motar da aka tsara don shimfiɗaɗɗiyar kwalta da tataccen mai tana iya galabaita a inda ƙura da zafi da gurɓataccen fetur suka yi yawa, komai darajarta.

Saboda haka, mai neman mota ya kamata ya fara tambayar kansa hanyar da za ta riƙa bi, da samuwar kayan gyaranta, da ko akwai makaniken da ya san ta a garinsu. Ɗalibi kuwa ya riƙe ƙa'idar da Deming ya koyar a 1950: kafin a yanke hukunci a kan ingancin abu, a ƙirga sau nawa ya lalace, a cikin wane hali, kuma cikin tsawon wane lokaci.