Abincin Wanda Aka Rage wa Tumbi, In Ya Bar Cin Nama

Ana so Hakimai na ƙasar Gwandu da ta Argungu, da malamansu, su karanta wannan takarda da natsuwa, su kuma bayyana wa dagatai da masu unguwanni abin da ke cikinta. Maganar ta shafi mutane kaɗan, amma su kaɗan ɗin lafiyarsu na hannun iyalinsu, iyalin kuwa sun fi jin maganar Hakimi da ta likitan da ba su taɓa gani ba.

Akwai wani aikin fiɗa da likitoci ke yi wa mutumin da ƙiba ta yi masa yawa har ta jawo masa ciwon sukari ko hawan jini. Wani likitan Amurka, Edward Mason, shi ya soma irin wanda ya fi shahara cikin 1966. Yanzu ana yin aikin a Indiya da Masar da Turkiyya, ana kuma yi a Ikko. Iri biyu ne aka fi yi. A na ɗaya a kan yanke wajen kashi huɗu cikin biyar na tumbi a cire, a bar saura siriri kamar ayaba. A na biyu a kan ware ɗan aljihu a saman tumbi, girmansa bai wuce ƙwan kaza ba, a haɗa shi da hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin. Ko wanne aka yi, mutumin da a dā ya kan tashi da akushin tuwo, yanzu loma kaɗan ke cika shi.

Da yawa cikin waɗanda aka yi wa aikin su kan komo gida su tarar nama ya ƙi su. Tsire ko kilishi ya kan tsaya musu a ƙirji, sai amai. Waɗansu kuma da gangan su ke barin nama, don sun ji labarin mutanen Indiya masu yawa da ba su cinsa, ko na wata ƙungiya da aka kafa a Ingila cikin 1944, wadda 'yanta ba su taɓa nama, ko kifi, ko ƙwai, ko nono. Ba a hana kowa abin da ya zaɓa. Amma wanda tumbinsa ke cikakke ya na iya cin wake da yawa ya rama abin da ya rasa, wanda aka rage wa kuwa ba shi da wurin zubawa.

Abin da Zai Maye Gurbin Nama

Jiki na bukatar abinci mai gina tsoka, wanda likitoci ke kira furotin. Wanda aka yi wa wannan aiki ana so ya sami giram 60 zuwa 80 nasa kowace rana. In bai samu ba, tsokarsa ce za ta zube tare da kitsen, gashi ya kakkaɓe, ƙafafu su kumbura, miki ya ƙi warkewa.

A nan ne al'adarmu ke iya yin ɓarna. Ƙasar nan ta fadamar Rima ƙasar shinkafa ce, ba kuwa mai musun albarkarta. Amma dafaffiyar shinkafa giram 100 ba ta ba da furotin ko giram 3. Matar da ta ga maigida ya rame, ta tuƙa masa tuwon shinkafa mai laushi don tausayi, ta cika ɗan tumbin nan da abin da ba ya gina shi. Ka'idar ita ce a fara da mai gina jiki, in wuri ya rage a bi da ganye, tuwo shi ne na ƙarshe.

Waken suya shi ne kan gaba, gama busasshensa giram 100 na ɗauke da furotin wajen giram 36. Awara da a ke yi da shi ta dace ƙwarai, sai dai a dafa ta cikin miya maimakon a soya, domin mai da yawa na tayar da zuciya. Madarar waken suya marar sukari ita ce abokiyar makonnin farko, lokacin da likita bai yarda da komi ba sai ruwa-ruwa. Farin wakenmu na gida busasshe na da giram 23 ko 24 cikin 100, amma in ya dahu ya sha ruwa sai ya koma wajen 8. A jiƙa shi, a surfe ɓawon, a yi alala mai taushi da mai kaɗan. Ta fi ƙosai, ta kuma fi ɗanwake, wanda garin rogo ya yi wa yawa. Gyaɗa na da furotin kamar wake, amma kusan rabinta mai ne, saboda haka garin ƙuli-ƙuli da aka matse wa mai ya fi amfani a barbaɗa cikin miya ko kunu.

Wanda nama kaɗai ya bari, aikinsa da sauƙi. Ƙwai guda na ba da giram 6, kofin nono ko kindirmo wajen giram 8. Mutumin Argungu kuwa da ke zaune kusa da Matan Fada, inda a ke bikin kamun kifi tun 1934, in dai ba alkawari ya ɗaukar wa kansa ba, bai kamata ya bar kifi ba. Farfesun tarwaɗa ko karfasa ya fi naman sa sauƙin wucewa nesa ba kusa ba.

Bitamin B12

Wannan shi ne muhimmin abin da ya sa aka buga takardar nan. Bitamin B12 shi ke taimakon jiki wajen yin jini da kiyaye jijiyoyi. Ana samunsa cikin nama, da hanta, da kifi, da ƙwai, da nono. Babu shi cikin wake, ko gero, ko zogale. Ba a kuma dogara da daddawa a kansa, kome yawan masu faɗin haka.

Tun 1929 wani likita mai suna William Castle ya gano cewa tumbi na fitar da wani ruwa wanda in babu shi hanji ba ya iya tsotse wannan sinadari, ko da ya ke sai cikin 1948 aka ware bitamin ɗin kansa. To, fiɗar rage tumbi ta kan rage wannan ruwa. Ashe ke nan wanda aka yi wa aikin, ya kuma bar abincin dabba, ya yi hasara ta fuska biyu: abin ba ya shiga bakinsa, ɗan wanda ya shiga kuma jiki ba ya karɓa sosai.

Mugun halin wannan rashi shi ne jinkirinsa. Hanta ta kan ajiye abin da zai isa shekara biyu ko fiye. Mutum ya na murna ƙiba ta tafi, ya daina shan magani, ya manta da asibiti. Sa'an nan tafin ƙafa ya soma yi masa kamar tafiyar kiyashi, yatsu su mutu, harshe ya yi ja ya na zafi, ya riƙa tangaɗi cikin duhu, mantuwa ta kama shi. Da ya ke an daɗe da yin fiɗar, ba mai tunawa da ita, sai a ce sammu ne ko iska, a yi ta yawon neman magani. Akwai kuma wani ruɗi: wake da ganye na da wani bitamin dabam mai gyara jini, saboda haka mai cinsu ya na iya zama ba alamar ƙarancin jini a idonsa alhali jijiyoyinsa na lalacewa. In aka kama ciwon da wuri ya na warkewa. In ya daɗe, wata lahanin ba ta komawa.

Maganinsa ba wuya. Allura ce wadda a kan yi sau ɗaya cikin wata uku, ko ƙwayoyi masu ƙarfi in likita ya zaɓi haka, har iyakar rai. Da ita a kan haɗa ƙwayar bitamin ta kullum, da ta ƙarfen jini, da ta ƙarfin ƙashi. Ƙarfen da ke cikin wake da ganye bai kai na nama shiga jiki ba. Lemu, da gwaba, da tumatir na taimaka masa, shayi kuwa na tare shi, don haka a raba shayi da lokacin abinci.

Abin da A Ke So Hakimai Su Yi

In akwai irin wannan mutum a gunduma, malamin Hakimi ya taimake shi ya ajiye littafi: ranar da aka yi fiɗar, da irinta, da sunayen magunguna, da ranar kowace allura. Takardun da aka ba shi a asibitin waje, in da Turanci su ke, a karanta wa iyalinsa da Hausa. Awon jini ana yinsa bayan wata 3, da 6, da 12, daga nan shekara shekara. Ya tafi da littafin Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, in awon ya fi ƙarfinsu su tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda amai ya ƙi tsaya masa kwana biyu ko uku, a kai shi nan da nan, gama akwai wani bitamin, B1, da ke ƙarewa cikin 'yan makonni, rashinsa kuwa na taɓa ƙwaƙwalwa.

Sai maganar fada da wurin biki. Kada a matsa masa da "ƙara loma," kada kuma a ɗauki ƙin cinsa raini ne. Fura mai sukari da lemon kwalba na iya sa shi jiri da zufa da gudawa nan take. Ba ya haɗa ci da sha, sai ya jinkirta ruwa rabin sa'a bayan abinci. Mace kuwa ana so ta dakata da ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, in kuma ta haihu ta na shayarwa kada allurarta ta yanke, domin jariri daga nononta ya ke samun nasa B12. Game da azumin watan Ramalana na shekarar farko, ya tambayi likitansa tun watan Sha'aban, ya kai wa malamai amsar da aka ba shi.