Tartsatsin Hunturu da Sirrin Ƙofar Mota

Duk wanda ya hau mota daga Jega zuwa Aliero a tsakiyar hunturu ya san abin. Mutum ya sauko, ya miƙa hannu zai rufe ƙofa, sai ya ji tas! a ɗan yatsa kamar an tsira masa allura. Direba ya yi dariya, ya rantse motarsa ba ta jan mutane. Da gaskiyarsa, don wutar daga jikin fasinjan ta fito. Rigarsa ta yi ta gogar kujera tun daga tasha, iska kuma ta bushe ƙayau, babu laimar da za ta tsiyaye cajin da ya taru. Kafin tartsatsi ya tsallake milimita 1 kacal a busasshiyar iska sai an kai kimanin bolt 3,000. Ƙarancin cajin ne ya sa abin ke tsayawa a zabura.

To me ya sa ƙofar ƙarfe ce ke yin haka, ba buhun albasar da ke gefenta ba?

Caji iri biyu ne, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, kamar kawunan batir. Iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. A 1785 Bafaranshe Charles Coulomb ya auna wannan ƙarfi, ya gano idan aka ninka tazarar da ke tsakaninsu, ƙarfin kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai lissafin ya fi sauƙi idan su biyu ne kaɗai a fili. Da an kawo ƙarfe kusa, zance ya canza, domin a cikin ƙarfe akwai cajin da ke yawo sakaka. Hannu mai caji na matsowa, kishiyoyinsa za su ruga su taru a daidai inda ya nufa, 'yan uwansa kuma su gudu can baya. Tun kafin a taɓa ƙofar ta riga ta shirya tarba.

Masana sun sami dabarar lissafa wannan, wadda William Thomson na Birtaniya ya fito da ita a ƙarni na 19. Sai a ɗauki shimfiɗaɗɗen ƙarfen da aka haɗa da ƙasa tamkar madubi: kowane caji da ke gabansa yana da hoto a bayansa, tazara ɗaya, alama kishiya. Shi ya sa caji biyu masu ture juna, idan aka ajiye su dab da faranti, turin kan ragu, saboda hoton kowanne yana janyo ɗayan.

Da damina lamarin kan tashi daga wasa. Gindin hadari yana ɗauke da caji mai yawa, kuma duk abin da wuta ke iya bi a ƙarƙashinsa sai ya tara kishiyar cajin a ƙololuwarsa: turken sabis, hasumiyar masallaci, bishiyar da ta tsaya ita kaɗai a gonakin Jandutsi, har da manomin da ya saɓa fartanya a fili. Sandar kare aradu, wadda Benjamin Franklin ya ƙirƙiro a Amurka wajajen 1752, da wannan ɗabi'ar take aiki. Tana karɓar bugun, ta bi da shi ta kakkaurar waya zuwa cikin ƙasa.

Michael Faraday ya nuna ɗaya gefen lamarin a 1836. Ya lulluɓe ɗaki da ƙarfe, ya shiga ciki, aka cika bayan ɗakin da caji har yana feshin tartsatsi, na'urarsa ta gano caji da ke ciki ko motsi ba ta yi ba. Wannan ne ke kare wanda hadari ya rutsa da shi cikin mota a hanyar Maiyama, muddin ya ɗaga gilashi ya janye hannu daga ƙarfen jikinta. Mutane kan ce taya ce ke kariya, amma wutar da ta keto kilomitoci a sama, robar taya ba za ta tare ta ba. Mai babur ba shi da wannan rufin asiri, haka wanda ya fake a rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe.

A gidan mai kuwa, ƙa'ida ce kafin tanka ta fara juye fetur a maƙala mata waya zuwa ƙasa, domin man da ke gudu a tiyo shi ma yana tara caji, kuma tartsatsin da ya sa fasinjan Aliero zabura ya isa ya kunna tururin fetur.