Kwale-kwale Mai Inji: Yadda Ake Zuba Masa Mai da Yadda Ake Tuƙa Shi Lafiya

Mutanen Tsohuwar Maiduguri ba su saba ɗaukar kansu mutanen ruwa ba, ko da yake kogin Ngadda yana bi ta kusa da su kafin ya baje a fadamar Jere. Amma ranar 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, sai ga kwale-kwale yana yawo a titunan da jiya-jiya motoci suke bi, yana kwashe mata da yara da tsofaffi. An taɓa ganin irin wannan ambaliya a 1994. Ban da wannan kuma, masunta suna aiki a tafkin Alau, kimanin kilomita 20 daga gari, kuma yawancin kifin banda da ake saukewa a kasuwar Tashar Baga daga tafkin Cadi yake fitowa, inda jirgi mai inji ya daɗe da zama jakin masunta da fatake. An rubuta wannan ɗan littafi domin su, da 'yan'uwansu na Yawuri da Kainji da Tiga da bakin Binuwai, da duk wanda ya sayi ɗan jirgi don amfanin kansa.

Abin da ke cin wuta

Jama'a da yawa suna zaton ruwan fetur ɗin nan da ido ke gani shi ke kama wuta. Ba haka ba ne. Tururin da ke tashi daga gare shi shi ke ci, kuma fetur ba ya jiran rana kafin ya yi tururi: ko a sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa yana fitar da wanda zai kama. Man gas kuwa, watau dizal, sai ya yi zafin da ya haura digiri 50 sa'an nan tururinsa yake isa ya kama. Shi ya sa wanda ya saba da injin dizal yakan yi sakaci da fetur, ya sha mamaki.

Wannan tururi yana da halaye biyu da ya wajaba kowane matuƙi ya riƙe. Na farko, ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙin girki, ƙasa yake nema kamar ruwa. A gidan mai yakan bazu a fili iska ta kwashe shi. Jirgi kuwa akushi ne, an yi shi ne musamman don kada wani abu ya ratsa ƙasansa. Abin da ya hana ruwa shiga shi ke hana tururi fita, sai ya kwanta a cikin jirgi, ƙarƙashin katakon zama da tsakanin buhuna, ba wanda ya gan shi. Na biyu, kaɗan ya isa. In tururin ya kai ko da kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastin ashana ɗaya, ko guntun taba, ko tartsatsin wayar batir, ya isa ya tayar da gobara. Wanda ya ji labarin tankar man da ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ya san abin da fetur yake iya yi a fili ma, balle a cikin akushi a tsakiyar ruwa, inda babu wurin gudu.

Zuba mai

Yawancin injunan da ake maƙalawa a bayan jirgi, irin su Yamaha masu ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, suna da tanki dabam wanda ake ɗauka da hannu. Wannan sauƙi ne babba, a yi amfani da shi. A kashe inji, a ɗaure jirgi sosai, a cire tiyo, a fitar da tankin zuwa gaɓa, a ajiye shi a ƙasa, a can ne za a cika shi. In aka yi haka tururin yana tsayawa a tudu, abin da ya zube kuma ƙasa ce za ta sha. Ajiye tanki a ƙasa yana da wani amfani kuma. Lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga tana ƙyasƙyas in an tuɓe ta, jarkar roba takan tara irin wannan lantarki, kuma tartsatsinsa yana iya kunna tururi. Don haka bakin jarka ko mazurari ya riƙa taɓa bakin tanki har a gama zubawa.

Kafin a buɗe murfi a duba gefe da gefe. Bakin ruwa ba ya rabuwa da wuta: ga masu banda kifi, ga murhun mai shayi, ga kurfoti, ga mai zuƙar taba a inuwa. A yi nesa da su, a kuma lura da inda iska take kaɗawa, domin tururi yakan bi ƙasa ya tarar da wuta, wutar kuma ta biyo shi ta dawo ga jarka. Da dare ba a zuba mai. In lalura ta sa dole, tocila za a haska, ba fitilar ƙwai ko aci-balbal ba.

In tankin a jikin jirgi yake, ba ya fita, to, fasinjoji su sauka duka tukuna. Bayan an gama a goge abin da ya ɗiga, a fitar da tsumman waje, a jira 'yan mintoci iska ta ratsa. Sa'an nan matuƙi ya sunkuya ya shinshina ƙasan jirgi. Babu na'urar da talaka zai saya da ta fi hancinsa a wannan aiki. In ya ji warin fetur kada ya ja igiyar inji, sai ya gano inda warin yake fitowa.

Kada a cika tanki maƙil. Fetur yana kumbura da zafi, kimanin kashi 1 cikin 100 a kowane digiri 10. Jarka mai lita 25 da aka cika da sanyin asuba, aka bar ta a rana irin ta Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, tana iya ƙara kusan rabin lita. In babu wurin da zai zauna, ta murfi zai tsiyaye cikin jirgi. A bar sarari kamar faɗin yatsa uku, a kuma rufe jarkunan da buhu ko tabarma don rana.

Akwai ɗabi'a guda da ya kamata a bari ƙwarai, watau zuƙo mai da baki ta tiyo. Ɗigo kaɗan in ya faɗa huhu yana jawo ciwo mai tsanani. Wanda ya haɗiyi fetur kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin amai shi ke kai man cikin huhu. Asibiti za a kai shi.

Man da ake saye hannun 'yan bumburutu sau da yawa yana da ruwa ko datti a gindin jarka, sai a tace shi kafin ya shiga tanki. Inji mai bugu biyu kuma ba ya shan fetur zalla, sai an gauraya masa da man inji irin nasa. Yawanci kashi 1 ne na man inji ga kashi 50 na fetur, watau rabin lita ga lita 25, amma sabon inji yakan nemi fiye da haka a sa'o'insa na farko. Littafin da ya zo da injin shi ne alƙali. Baƙin man mota ba ya maye gurbinsa. Inji mai bugu huɗu ba a gauraya masa komai, mansa yana da mazauni dabam kamar na mota. Ragowar mai da wankin jarka kuma kada a tuttule su cikin ruwa. Daga Alau ake ɗebo ruwan da mutanen Maiduguri suke sha.

A wasu sassan Jihar Borno hukuma ta sha taƙaita ɗaukar fetur a jarka saboda sha'anin tsaro. Mai jirgi ya tambayi jami'an wurin kafin ya yi lodi.

Mai nawa za a ɗauka

Matuƙan jirgi a ƙasashe da yawa suna bin wani lissafi mai sauƙi. A raba mai kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye. Mai lita 24 a tanki, da zarar ya ƙone 8 ya juya. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 fetur ya yi tsada, mutum yakan so ya sayi daidai na tafiya. Amma iska takan juya, jirgi ya yi ta fama da igiyar ruwa yana shan mai fiye da lissafi. A tafkin Cadi, wanda ya janye ƙwarai daga faɗinsa na shekarun 1960, hanyoyin ruwa sun zama lunguna tsakanin ciyayi, ɓata hanya ba wuya. Mota in mai ya ƙare mata tsayawa take a gefen titi. Jirgi ba ya tsayawa, tafiya yake inda ruwa ya so.

Tayar da inji da tuƙi

Kafin a ja igiya a sassauta ɗan noti da ke kan murfin tanki don iska ta shiga, a matsa ƙwallon roba da ke jikin tiyo har ya yi tauri, a duba ko yana yoyo. Giya ta kasance a firi, ba gaba ba baya. Jirgin da aka tayar yana cikin giya yakan yi zabura ya kayar da wanda ke tsaye. Kowa ya zauna, kuma a tabbata babu yaro yana wanka kusa da farfela.

Akwai wata 'yar igiya, yawanci ja, wadda ake maƙalawa a jikin inji, ɗaya bakin kuma a ɗaura a hannu ko a ƙafar matuƙi. In ya faɗa ruwa sai ta fizge, inji ya mutu nan take. Sau da yawa za ka ga an naɗe ta a jikin inji, ko ta ɓata an cusa tsinke a madadinta. Wannan ganganci ne. Jirgin da matuƙinsa ya faɗa, inji kuwa yana ci, yakan yi ta zagaye a wuri guda, ya dawo ya bi ta kan mai shi da farfela.

Da inji ya tashi a duba bayansa. Akwai ɗan siririn ruwa da yake tsartuwa, shi ne shaidar cewa inji yana shan ruwan sanyaya jikinsa. In ya tsaya, a kashe inji. Galibi kainuwa ce ko leda ko yashi ya toshe ƙofar ruwan. Haka kuma in taru ko ciyawa ta naɗe farfela, a kashe inji, a cire 'yar igiyar nan, sa'an nan a sa hannu. A cikin ambaliya a tafi sannu ƙwarai, domin ƙarƙashin ruwan akwai katanga da mota da waya. Kowane jirgi kuma ya ɗauki filafili da gwangwala, da ƙwaryar kwarfe ruwa, da filogi na ajiya.

Jirgi ba shi da birki. Tun daga nesa ake rage totur in za a shiga gaɓa. A nan ya kamata a ambaci babur ɗin ruwa, irin wanda kamfanin Kawasaki na Japan ya fitar a 1973, wanda ake hawa don nishaɗi a Legas da tafkin Jabi na Abuja. Ruwan da yake fesawa ta baya shi ke juya shi, saboda haka a yawancinsu in ka saki totur gaba ɗaya ka rasa sitiyari, ko ka murɗa hannu miƙewa zai yi. Injinsa kuma a rufe yake ƙarƙashin kujera, inda tururi yake taruwa, sai a ɗaga kujerar a shinshina bayan kowane zubin mai.

Lodi, dare da rigar ruwa

Gobara tana da ban tsoro, amma lodi da tafiyar dare sun fi ta cin rayuka a ruwayenmu. A Bagwai ta Jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife da aƙalla mutum 29, da yawansu ɗaliban Islamiyya. A Patigi ta Jihar Kwara, a watan Yuni na 2023, fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki da dare. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, kuma dokokin sufurin ruwa na 2023 sun wajabta wa kowa sa rigar ruwa. Iya iyo ba hujja ba ce ta ƙin sa ta, domin wanda ya bugu a ka ko ya ƙone ba ya iyo. Kuma a jiki take amfani, ba a ƙarƙashin buhu ba.

In wuta ta tashi

Abin da hannu zai fara kai wa shi ne ruwa, ga shi ko'ina, amma shi ne bai dace ba. Fetur ya fi ruwa sauƙi, yana tasowa a kansa yana ci, sai ruwan ya raba wutar lungu-lungu cikin jirgi. A kashe inji, a cire tiyon mai in hannu zai kai. A juya jirgi yadda iska za ta kaɗa harshen wuta waje, ba kan mutane ba. A fesa tukunyar kashe gobara mai hoda a gindin wutar, in babu a zuba yashi ko a danne ta da jiƙaƙƙen buhun algarara. Bokitin yashi ba ya cin kuɗi, a ajiye shi kusa da matuƙi amma ba a jikin tanki ba. In wutar ta kai ga jarkuna a bar jirgin, a faɗa ruwa ta ɓangaren da iska take fitowa, domin man da ya malale a kan ruwa yana bin iska ne da wutarsa. Wanda ya ƙone a yi ta zuba wa wurin ruwa mai tsabta har minti 20, ba a shafa masa man shanu ko toka, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai shi asibiti.