Shirin Musamman: Ganyen Shayi Mai Araha da Mai Tsada, Ina Bambancin Yake?

[KIƊAN BUƊE SHIRI]

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman a yau ya sauka ne a teburin mai shayi, da kuma madafar uwargida, daga Dutsin-Ma har Kurfi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, ganyen shayi ma bai tsira ba. Shi ya sa magidanci kan tsaya a gaban kanti yana auna kwali biyu: ga na kullum irin su Lipton da Top Tea, ga kuma na 'yan gayu irin su Twinings da Ahmad Tea, wanda kuɗinsa ya ninka na farko. Wanne ya kamata ya ɗauka? Ku biyo mu.

[KIƊA]

MAI GABATARWA: Da farko, duk baƙin shayin duniya daga tsiro iri ɗaya yake fitowa. Har koren ganyen da Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta a kan garwashi, shi ma daga wannan tsiron ne, sai dai shi ba a barin sa ya yi duhu kafin a busar. Bambancin da ke cikin kwali yana farawa ne daga yadda aka sarrafa ganyen.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta asali: a tsinko tohon ganye, a bar shi ya yi yaushi, a murza shi a hankali, ya fita da ɗan tsawonsa. Ta biyu kuwa a yankin Assam na ƙasar Indiya aka ɓullo da ita a farkon shekarun 1930: inji ne ke niƙe ganyen, ya yayyaga shi, ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana. Akasarin shayin ƙasar Kenya, wadda ke kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, ta wannan hanya ake yin sa, a kai shi kasuwar gwanjo ta Mombasa, kamfanoni su saya su gauraya na gonaki daban-daban domin ɗanɗanon ya zama iri ɗaya kullum.

Uwargida, ga gwajin da za ki iya yi yanzu. Ki yaga ƙullin shayi ɗaya a kan farar takarda. Ƙulli ɗaya bai wuce giram 2 ba ko kusa da haka. In na kullum ne, za ki ga ɓarɓashi mai laushi, kusan gari. In mai tsada ne na gaske, za ki ga gutsattsarin ganye da ake iya ganewa, ki kuma ji ƙamshi tun kafin ruwa ya taɓa shi. Idan kuwa kin yaga mai tsadar kin tarar da gari irin na farko, to ki sani kwali da suna da kuɗin jirgi kika biya.

[KIƊA]

MAI GABATARWA: To amma kada a ce mai laushin ba shi da kirki. Ku je tashar mota a Dutsin-Ma bayan sallar asuba a lokacin hunturu. Tukunya na tafasa, citta da kanumfari sun cika wurin da ƙamshi. Direban da zai bi hanyar Kurfi zuwa Katsina ya zauna a benci ya ce, "Mai shayi, a yi min mai kauri." Mai shayi ya tsoma ƙulli a kofi, ya danna shi da cokali, nan take ruwa ya yi jawur. Ya zuba madara da sukari, ya ɗaga kofi sama yana shiƙawa daga wannan zuwa wancan har kumfa ta taso, ya miƙa da yankan burodi. Duka-duka bai kai minti uku ba.

A wannan aiki, ganye mai laushi shi ne gwani. Yana sakin launi da ƙarfinsa da sauri, kuma ɗacinsa na iya tsayawa da madara ba tare da ya ɓace ba. Da za a ba mai shayin nan ganyen Darjeeling, wanda ake nomawa a gindin duwatsun Himalaya, ko Earl Grey mai ƙamshin ɓawon wani irin lemo, da madara da citta sun binne duk abin da aka biya kuɗi dominsa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke haɗa shayi da madarar gari kafin ya ruga aji, bai yi asarar komai ba don ya sayi na kullum.

Mai tsada yana nuna kansa ne a ruwan bunu, wato shayi ba madara, sukari ɗan kaɗan. A nan harshe ke rarrabe mai santsi da mai maƙaƙi. Dattijon da ke kurɓar shayinsa a nitse bayan isha'i, ko maigidan da ya yi baƙo na girmamawa, shi ne zai ci moriyar ƙarin kuɗin. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai kuma na gida da ya kamata mu riƙa tunawa da shi. A Kakara, kan tsaunin Mambilla a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, ana noman shayi ana kuma sarrafa shi da sunan Highland Tea. Sanyi da ruwan saman wannan tsauni su suka ba shi damar tsirowa. Duk kwalin da aka saya, kuɗin na komawa ga manomi da ma'aikaci ɗan ƙasa.

[KIƊA]

MAI GABATARWA: Kafin mu rufe, ga abubuwan da suka fi farashi tasiri a kofinku.

Na ɗaya, ruwa. Ruwa mai zartsi yana kashe ɗanɗanon shayi, ya bar yana-yana a samansa, ko na nawa ne ganyen. A samu ruwa mai daɗi, a bari ya tafasa sosai.

Na biyu, lokaci. A ba ƙulli minti 3 zuwa 5 a cikin ruwan, sannan a cire. Barin sa ya daɗe ɗaci kawai yake ƙarawa.

Na uku, ajiya. Ganyen shayi na zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi. Kwalin da ya kwana kusa da daddawa, sabulu ko kananzir ya tashi daga aiki. A zuba shi a gwangwani mai murfi, nesa da rana da laima.

Na huɗu, in kun shiga kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ko wani kanti a Kurfi, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ku kuma raba kuɗin kwalin da yawan ƙullin da ke ciki, domin ku san nawa kofi ɗaya ya tsaya muku.

Sai kuma jan hankali ga mata masu juna biyu da masu fama da ƙarancin jini: shan shayi mai ƙarfi tare da abinci yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe da ke gina jini. A bar tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsu.

Saboda haka, masu sauraro, kafin ku tambayi mai kanti wanne ya fi, ku fara tambayar kanku yadda za ku sha. Mai haɗa kauri ya riƙe na kullum hankalinsa kwance. Mai son ruwan bunu, in da hali, ya ajiye ƙaramin kwali mai kyau. Kuɗin da aka rage kuwa ya tafi ga madara da burodin yara.

Nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

[KIƊAN RUFE SHIRI]