Stephen Dedalus: Yabo ne ko Gugar Zana?

Littafin James Joyce, ɗan ƙasar Ailan, mai suna *A Portrait of the Artist as a Young Man*, labarin girman wani yaro ne mai suna Stephen Dedalus a Dublin. Ya haura shekara ɗari da fitowa, amma manazarta ba su daina gardama a kan abu guda ba: marubucin yana yabon gwarzonsa ne, ko shaguɓe yake masa?

Sunan kansa abin lura ne. Stephen shi ne shahidin farko a tarihin Kiristanci, Dedalus kuwa gwanin tatsuniyar Girka ne da ya ƙera fukafukai. To amma ɗansa Icarus ya yi sama da su har ya faɗa teku. Wanne daga cikinsu ne yaron?

A 1904 Joyce ya sa hannu a gajerun labaransa da sunan Stephen Daedalus. Masu karatun farko sun ɗauka kansa yake wasawa.

A 1911 haushi ya sa ya jefa rubutun littafin a wuta, 'yan gidansa suka ceto shi. Mujallar *The Egoist* ta buga shi kashi-kashi daga 1914, littafin ya fito a New York a 1916.

Manazarci Hugh Kenner ne ya tsaya kai da fata cewa gugar zana ce, kuma tsarin littafin yana ba shi hujja. Babi yakan ƙare Stephen yana ganin ya taɓo sama, na gaba ya dawo da shi ƙasa. A ƙarshen babi na huɗu ya ga wata yarinya a bakin teku, ya ji an kira shi zuwa fasaha. Babi na biyar ya buɗe da shi gaban shayi tsararo da takardun jingina. Wannan wurin ya fi ko'ina taɓa ni, domin na ga tausayi a cikinsa fiye da dariya, irin kallon da babba ke yi wa ƙuruciyarsa.

A 1961 Wayne Booth ya ce Joyce ya ɓoye kansa har mai karatu ya rasa ma'auni. Misalinsa waƙa ɗaya da Stephen ya rubuta: gwaninta aka so nunawa, ko ɗanyen aiki? Robert Scholes ya kare waƙar a 1964.

A wani littafin Joyce, *Ulysses*, 1922, Stephen ya dawo daga Faris, mahaifiyarsa ta rasu, bashi ya yi masa katutu, yana koyar da yara a wata makaranta.